Taswira ta ce akwai haki, saniya ta ce babu: abin da na koya a Tchaké

Akwai wata shekara da na shiga karkarar Tchaké, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, a tsakiyar watan Mayu. A jakata akwai takarda da ta ce yankin ba ya cikin wuraren da za a ji wa tsoro. Taswirar da aka zana bayan damana ta shafa masa launin kore, alamar haki ya fito daidai gwargwado. A kan wannan takarda muka tsara aikinmu, ni da abokan aikina: ƴar dusar da ke hannunmu muka tura ta wani wuri, muka ce Tchaké sai daga baya. Da na isa bakin wata rijiya sai na tarar da maza huɗu sun zura sanduna a ƙarƙashin wata saniya suna ɗaga ta, don ta kwanta ta kasa tashi. Can gefe kuwa awaki ne ke ta guje-guje a ƙarƙashin gawo, gashinsu na sheƙi.

Na gaida dattijon da ke da saniyar, na ce masa: "Baffa, yaya haka? Ai lissafinmu ya nuna bana kun samu haki."

Ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce: "Likita, tunda takardarka ta san inda hakin yake, ka roƙe ta ta nuna wa saniyata hanya."

Ban samu abin faɗa ba. Takardar ba ƙarya ta yi ba, haki ya fito a wannan shekarar. Sai dai tambayar da ta amsa daban, tambayar da saniya ke yi daban. Takarda ta faɗi yawan abin da ƙasa ta fitar. Saniya kuwa tana tambayar abin da zai shiga bakinta yau, a iyakar tafiyar da ƙafarta za ta iya, bayan tumaki da awaki da amalanken masu kwasar haki sun riga ta. Ra'ayina tun daga ranar shi ne: duk mai aikin lafiyar dabbobi da ya dogara da jimillar ton-ton na haki kaɗai, bai koyi yadda dabba ke kiwo da yadda take gogayya da ƴan'uwanta ba, zai riƙa kai magani bayan an gama feɗe gawa.

Yadda ake lissafin

Bari in fara da yi wa lissafin adalci. Kowace shekara bayan damana, ma'aikatar kiwo ta Nijar tana auna hakin da ƙasa ta samu ta kwatanta da bukatar dabbobi. Ma'aikata kan je wasu wurare da aka keɓe, su yanki haki su busar su auna, sannan a haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna koren ƙasa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya ci Sahel, tana daga cikin masu samar da irin waɗannan bayanai. Ba a ƙirga duk abin da ya tsiro: a makiyaya ana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku, don sauran gara da iska da wuta da tattakewar kofato za su cinye shi kafin rani ya ƙare.

A ɓangaren bukata kuma, ana mayar da duk dabbobi zuwa ma'auni ɗaya da ake kira UBT, wato dabba mai nauyin kilo 250 wadda ke cin kilo 6.25 na busasshen haki a rana. Idan aka ɗauki rani kwana 270, kowace UBT na bukatar kimanin ton 1.7. Saniya ana ba ta 0.7 ko 0.8 na wannan ma'auni, tunkiya da akuya 0.1 zuwa 0.15. Mai shanu 20, tumaki 30 da awaki 30, idan aka yi masa lissafi da manyan alƙaluman, yana da UBT 25, bukatarsa ton 42 da ɗan wani abu. A tara na kowa, a cire daga abin da ƙasa ta fitar, sai a ce akwai rara ko akwai giɓi.

Wannan shi ne abin da masana ke kira samfurin lissafi: a sauƙaƙa duniya a mayar da ita alƙaluma don a iya yanke shawara. Kuma ya yi rana. Bayan damanar 2009 lissafin ya nuna giɓin da ya kai kimanin ton miliyan 16 a faɗin ƙasa, kuma duk wanda ya ga yadda dabbobi suka zube a 2010 ya san gargaɗin gaskiya ne. Idan gwamnati za ta nemi agaji ko ta yi odar dusar alkama, da irin wannan adadi take magana. Ba na cewa a jefar da shi.

Abin da nake cewa shi ne, ma'aunin da aka yi don ƙasa baki ɗaya ba zai gaya maka wace saniya za ta faɗi a Tchaké cikin watan Mayu ba. A cikinsa baki ɗaya ne, ciki ɗaya ne, ƙafa babu. Ko yawan dabbobin ma, ƙidayar noma da kiwo ta 2005 zuwa 2007, wadda ta samu kawuna sama da miliyan 31, ita ce aka daɗe ana ɗora wa kason ƙaruwa shekara bayan shekara. Amma garke ba ya ƙaruwa da tsari irin na takarda: fari kan rage shi, baƙin makiyaya kan ninka shi a wuri ɗaya cikin mako guda.

Baki huɗu, abinci huɗu

Ka tsaya a fili ɗaya ka kalli dabbobi huɗu. Saniya harshe take naɗewa a jikin haki ta fizge, don haka tana son haki mai ɗan tsawo. Tunkiya bakinta siriri ne, leɓenta na sama a tsage, tana iya tsince ganye da ƴaƴan haki daga kan rairayi, ta aske fili har ƙasa. Akuya takan miƙe a kan ƙafafun baya ta kamo ganyen magarya, aduwa ko sabara. Raƙumi kuwa nasa na sama ne, inda babu mai kai masa. Idan garken tumaki ya riga shanu shiga fili, abin da ya rage ba na saniya ba ne, ko da ma'auni ya ce akwai sauran kilo ɗari-ɗari a kowace eka. Shi ya sa na tarar da awaki na wasa saniya na kwance: a takarda duk UBT ne, a daji kowa da kasuwarsa.

Masu binciken kiwo sun daɗe da rubuta wannan a lissafi mai sauƙi. Abin da dabba ta ci a rana shi ne girman loma, sau yawan lomar da take yi a minti, sau tsawon lokacin da ta yi tana kiwo. Idan haki ya gajarce, loma ta ƙanƙance, saniya takan ƙara sauri ta ƙara lokaci, amma akwai iyaka. Wani bincike da Stobbs ya wallafa a Ostareliya a 1973 ya nuna da wuya saniya ta wuce loma 36,000 a rana. To mu gwada da namu alƙaluman. Idan kowace loma rabin giram ce, loma 12,500 ta isa a cika kilo 6.25. Idan loma ta koma kashi ɗaya cikin biyar na giram, sai an yi sama da 31,000. Ƙasa da haka kaɗan, saniya za ta wuni kai a ƙasa ta kwana da yunwa. Ga kuma tafiyar zuwa rijiya da jiran layin guga, waɗanda duk daga cikin lokacin kiwo ake yankar su.

A nan ne ilimin makiyaya da na masu bincike suka haɗu. Bafulatani ya san amfanin tayar da shanu kiwon dare da rani. Gwaje-gwajen da Ayantunde da abokan aikinsa na cibiyar ILRI suka yi a nan Nijar sun tabbatar da cewa kiwon dare yana ƙara abin da shanu ke ci a lokacin da haki ya yi ƙaranci. Ke nan duk abin da ya hana kiwon dare, tsoron ɓarayi ne ko rashin mai bin shanu saboda samari sun tafi cin rani, ya rage cimakar garke ba tare da an taɓa ko tsinke ɗaya a taswira ba.

Sai maganar inganci. Hakin da ya bushe a tsaye, irin su ƙarangiya da komayya, sinadarin gina jiki da ke cikinsa yakan sauka ƙasa da kashi 7 cikin 100, wanda shi ne abin da ƙananan halittun cikin tumbi ke bukata don su narkar da abinci. Idan aka kai nan, tumbi na cike amma dabba na ramewa. Abin da ke ceton ta shi ne ɗan abin da ke da ƙarfi: harawar wake, ganyen gyaɗa, ƴaƴan kalgo, da ƴaƴan gawo, itacen da ke zubar da ganye da damana ya yi kore da rani. Babban aikin bincike da aka yi a Mali, wanda Penning de Vries da Djitèye suka wallafa a 1982, ya nuna cewa a kudancin Sahel ƙarancin sinadaran ƙasa ya fi ƙarancin ruwa takura haki, kuma hakin arewa, duk da bai kai na kudu yawa ba, ya fi shi ƙarfi. Makiyayin da ke barin kore shar a kudu ya nufi arewa da damana ya san abin da yake yi.

Yaushe dabba ke barin wuri

A 1976 wani masani mai suna Eric Charnov ya kawo wata ƙa'ida game da duk halittar da ke neman abinci a wurare warwatse. Ya ce za ta ci gaba da ci a wuri har sai abin da take samu ya sauka zuwa matsakaicin abin da za ta samu a yankin baki ɗaya, sannan ta tashi. Abin da ya biyo baya shi ne: idan wuri na gaba yana da nisa ko wuyar zuwa, za ta daɗe a inda take, ta cinye shi har ƙasa.

Ka ɗora wannan a kan Mayahi da Tasawa. Yankin na kudu da iyakar noma da doka mai lamba 61-05 ta 1961 ta shata, don haka ƙasar noma ce da kiwo a haɗe. Da damana gonakin hatsi da wake sun rufe kusan ko'ina, makiyaya sun zama tsibirai, burtali ne kaɗai ke haɗa su. Duk taƙin da gona ta ci daga burtali, ta ƙara wa tsibiri na gaba nisa. Sakamakon shi ne abin da Charnov ya faɗa: garke ya daɗe a wuri ɗaya. Ni kuma a matsayina na mai duba lafiyar dabbobi na san abin da ke biyo baya. Dabbobin da aka cunkushe a fili ɗaya da damana suna kiwo a kan kashinsu, tsutsar ciki ta samu gida, musamman a ƴan raguna da ƴan awaki. Da rani kuma, mai kiwo har ƙasa yana haɗawa da rairayi, rairayin ya taru a ciki.

Akwai wata ƙa'idar ta Fretwell da Lucas, ta wajajen 1970, da ta ce dabbobi za su rarrabu a wurare gwargwadon abincin kowane wuri, har kowa ya samu daidai da kowa. Amma sun gindaya sharuɗɗa biyu: dabba ta san inda abinci yake, kuma babu mai hana ta zuwa. Lissafin jimilla, ko bai faɗa ba, a kan wannan zato yake tsaye: cewa rarar wannan gari za ta cike giɓin wancan. A Tchaké sharaɗi na biyu ba ya cika. Haki na iya kasancewa a wurin da babu rijiya kusa. Rijiya na iya kasancewa ta wani wanda sai ya yarda. Tun 1969 Lange ya bayyana a Ostareliya yadda kiwo ke yin zobe a kewayen wurin shan ruwa: kusa da ruwa ƙasa tsirara, nesa da ruwa haki tsaye babu mai kai masa. Tauraron ɗan'adam yana ƙirga na nesan, saniyar da ta rame kuwa ba ta da ƙarfin zuwa ta dawo.

Abokan gogayyar da ba su da ƙaho

Gogayyar ba tsakanin dabbobi kaɗai take ba. A da, idan aka yi girbi aka saki gonaki, karan hatsi da sauran harawa na mai kiwo ne, shi kuma ya bar wa mai gona taki. Yau kara da harawa kuɗi ne. Kafin ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki, an tattare su an ɗora a kan rumfa ko a reshen itace, don turkar gida ko don kasuwar bazara. Ban ga laifin manomi ba, shi ma yana da tumakin da yake turkawa don Layya, matarsa na da jar akuyar da take sayar da ɗanta ta sayi magani. Amma lissafin da ya sa wannan kara a cikin abin da garken makiyayi zai ci, ya ba shi abin da ba nasa ba. Haka masu amalanke da ke share busasshen haki daga makiyaya su kai gari. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta watan Mayun 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyaya, ta yi maganar tsara kwasar haki. A ƙasa kuwa, amalanke ya fi doka sammako.

Sai garmani. Duk wanda ya bi burtali a jihar Maraɗi ya san shi. Dabbobi ba su cika kula shi ba idan yana ɗanye, suna zaɓen abin da ke kewaye da shi, shi kuma ya samu fili ya zuba iri. Shekara kaɗan sai ka ga makiyaya ta koma gonar garmani. Wannan ma sakamakon zaɓen dabba ne a wurin da aka matse ta. Daga sama kuwa kore ne shar, kuma ina kyautata zaton wani kaso na koren da ya ruɗe ni a waccan shekara garmani ne. Ko a kwarin Gulbin Kaba, inda goriba da kaba suka yi yawa, ba duk koren da ido ya gani ne abincin saniya ba.

Yunwa ce ƙofar cuta

Wani zai ce wannan maganar masu kula da makiyaya ce, mu namu allura da magani. Ni ban yarda da wannan rabon aiki ba. Dabbar da ta rasa sinadarin fosforas takan fara tauna ƙashi, tsumma da leda. A yankin Ferlo na Senegal, bayan an haƙa rijiyoyin burtsatse shanu suka daina yawo kamar da, an ga ɓarkewar cutar shanyewar jiki da ake kira botulizim, wadda ke kama shanu idan suna tauna ƙasusuwan mushe. Mahautanmu kuma sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabbobin gari. Ciwon huhun shanu da annobar ƙananan dabbobi ta PPR sun fi samun hanya a inda garkuna daga wurare dabam-dabam suka taru a bakin ruwa ɗaya, kuma ramammiyar dabba ba ta da ƙarfin jure musu. Ruwan farko ma, wanda kowa ke roƙo, yakan ƙarasa waɗanda suka galabaita: sanyi ya kama su, busasshen hakin da ya rage ya ruɓe, sabon tsiro ya sa su zawo. Mai son ya san inda cuta za ta ɓulla, ya fara sanin inda dabbobi za su taru da watan da ƙarfinsu zai ƙare. Samfurin kiwo mai kyau taswirar cuta ce tun kafin ta zo.

Ko a bakin kwami gogayyar ba ta ƙarewa. Da dusarmu ta iso Tchaké a makare, na tsaya na ga yadda wani gida ya zuba ta a rabin tano ɗaya. Manyan shanu biyu masu ƙaho suka tare wurin, wadda aka sayi dusar dominta, mai shayarwa da haƙarƙarinta ke ƙirguwa, tana tsaye a baya har aka lashe. A rahotonmu an rubuta cewa gidan ya samu buhu. Fretwell ya yi maganar irin wannan rabo, inda mai ƙarfi ke tare wuri mai kyau ya kori rarrauna. A lissafi, matsakaicin abin da kowace saniya ta samu ya yi daidai. Amma ba matsakaiciyar saniya ke mutuwa ba, ta ƙarshen layi ce.

Abin da masu suka za su ce

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a taro. Na farko: ma'aikata kaɗan ne, man babur ma da ƙyar, ina za a samu mai auna loma da tazarar rijiya? Na biyu: samfurin da aka cika wa ƙusoshi ya fi saurin karyewa, gara mai sauƙi da kowa ya gane. Duka biyun akwai gaskiya a cikinsu. Na ga samfurori masu kyau a kwamfuta waɗanda suka mutu ranar da aikin da ya kawo su ya ƙare. Amma abin da nake nema ba ya bukatar sabuwar na'ura. Yana bukatar a ƙara tambayoyi huɗu ko biyar a kan lissafin da ake da shi, a kuma yi su ga mutanen da suka riga suka san amsa.

Suka ta uku ta fi nauyi, kuma daga makiyaya take fitowa. Suna tsoron duk lissafin da zai ƙare da cewa dabbobi sun fi ƙarfin ƙasa, a rage su, a zaunar da masu su wuri ɗaya. Tsoronsu na da tushe. Amma binciken da ya dubi yadda dabba ke kiwo da gaske, bayansu ya goya. Breman da de Wit sun nuna a 1983 cewa garkunan Fulani masu yawo a Mali suna fitar da abincin gina jiki a kowace eka fiye da manyan gandayen kiwo na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ruwan sama. Ellis da Swift, daga aikinsu a Turkana ta Kenya, sun nuna a 1988 cewa a inda ruwan sama ba shi da tabbas, fari ne ke tsara yawan haki da yawan dabbobi fiye da adadin bakunan da ke kiwo. Krätli da Schareika kuma sun rubuta yadda Woɗaaɓen Nijar ke renon shanu masu iya zaɓen abinci, suna kai su inda haki ke kan ganiyarsa. Lissafin jimilla ne ke iya zama sandar dukan makiyayi. Lissafin da ya san ƙafa da baki, shi ke nuna dalilin da ya sa burtali ya zama maganin dabba.

Abin da nake roƙo

Ga abokan aikina na ƙungiyoyi da na ma'aikatar kiwo a Mayahi da Tasawa, ga abin da nake ganin za mu iya tun bana.

A raba lissafin gida biyu aƙalla: abin da shanu da tumaki za su ci a ƙasa, da abin da awaki da raƙuma za su ci a itace. Gawon da manoman Maraɗi suka raya a gonakinsu tun shekarun 1980, ta hanyar barin kututture ya sake tohowa, dukiya ce da ya kamata ta fito a takarda.

A bi shi wata-wata. Adadin da aka samu a Oktoba ba shi ne na Afrilu ba. Zagaye ɗaya a watan Fabrairu ko Maris, a sake duba abin da ya rage a tsaye, ya fi taro uku a ofis.

A cire abin da baki ba zai kai gare shi ba: filin da garmani ya cinye, karan da aka ɗaure a rumfa, hakin da ya yi wa rijiya nisa. Kwamitocin kula da filaye, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, sun san burtalin da ya toshe. A tambaye su.

A zauna da garso da ardo da matan da ke tatsa kafin a buga taswira. Garso ya taka wurin da ƙafarsa kafin ya kai garke. Mai tatsa ita ke fara ganin nono ya ragu a ƙwarya, makonni kafin haƙarƙari ya fito. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, wadda ke aiki tun 1990, suna da mutane a ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A sa allurar rigakafi da maganin tsutsa a lokacin da dabbobi ke da sauran ƙarfi, a kuma ajiye dusa kusa da wuraren da aka san za a taru tun kafin bazara, lokacin da farashi bai tashi ba. Ranar rabo kuma, kada a tsaya a miƙa buhu. A faɗa wa mai shi ya ware masu shayarwa, masu ciki da ƴan maruƙa, ya ba su nasu dabam, manyan na ɗaure.

Na koma wurin dattijon nan bayan damana ta sauka. Saniyar ba ta kai ba, an yanka ta an sayar da naman a farashin da bai kai na tunkiya ba. Bai yi mini gori ba. Ya ɗauki sandarsa ya zana mini a ƙasa: nan rijiya, nan filin da tumakin gari ke askewa tun kaka, nan burtalin da ya zama siriri har shanu ba sa wucewa biyu-biyu, nan kuma hakin da ke tsaye har yanzu don babu ruwa kusa da shi. Ya faɗa mini watan da kowane wuri ke ƙarewa. Na kwafe zanen a bayan takardar da ta ce babu abin tsoro. Tun daga lokacin, duk taswirar da aka aiko mini daga sama, sai na kai ta bakin rijiya an duba mini ita kafin in sa hannu a kan inda buhu zai tafi.